Tekun da Bai Koyi Janyewa Ba

Ranar Asabar ce da hantsi, a farkon daminar da ta biyo bayan babban fari. Muna tsaye a ƙarshen gonarmu, a wurin da jiya hanyar jakuna ce, yau kuma bakin ruwa. Waɗanda suke wurin su ne kakana, wanda duk ƙauyen ke kira Saje, da kakata Iya, da mahaifina, da ni, sai maƙwabta da suka yi ta taruwa a bayanmu, har da liman. Abin da muke kallo rufewarmu ce, wato rumbunmu na laka, tana can kan tudun tsohon gidanmu, ruwa ya kewaye ta ko ta ina. A cikinta irin geronmu yake, kuma shi ke nan irin da ya rage a unguwarmu.

Ga yadda aka yi iri yana can, mu muna nan.

Ƙauyenmu yana arewa da Kano, ba shi da nisa da Ɗambatta, a ƙasar da gona ke manne da gona, ba ka samun fili sai hanya. A shekarun nan ruwan sama ya ƙi. Shanu suka mutu, rijiyoyi suka yi zurfi, aka koma cin tafasa da dusa da jar dawar agaji. Ana cikin haka hukuma ta gina madatsa a kan rafin da ke bayan gari, aka ce masu gidaje a kwari su tashi su koma gaba, domin ruwa zai taru. Mutane sun tashi saboda an ce su tashi, amma da dariya suka tashi. Rafin nan yashi ne zalla, sai mace ta tona har kafaɗa kafin ta cika ƙoƙo. Wane ruwa za a tare?

Da muka tashi, Iya ta hana a taɓa iri. Zangarniyar da ta zaɓa da hannunta ce, daga ɗan abin da aka samu a kakar da ta wuce. Ta sa aka ɗaure dami-dami aka jera a rufewa, aka liƙe bakin da laka, aka kifa jinka, muka bar ta can a kango. Dalilinta a fili yake. Ta ce in iri yana cikin gida, ranar da jikoki suka yi kukan yunwa, ita da kanta za ta zuba shi a turmi. Gidaje da yawa abin da ya faru ke nan. Kafin bazara ta fita, matan unguwa sun yi ta zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tafi da alkawarin ƙoƙo guda idan ruwan shuka ya sauka.

Ni a lokacin ban daɗe da fara aiki a gidan rediyo a Kano ba, ina fassara labaran duniya. Na zo gida ranar Juma'a da ɗan garin rogo da sabulu. A daren ruwa ya sauka, irin wanda aka manta kamanninsa. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, don haka ruwan da ya faɗi a can sama duk ya gangaro rafi, ya iske an toshe masa hanya, sai ya bazu cikin fadama. Da gari ya waye, kowa ya fito da sungumi don shuka, aka duba, babu hanyar zuwa wurin iri.

Wanda bai yi noma ba zai ce a jira mana. To, ruwan shuka ba ya jira. Danshin nan kwana kaɗan yake yi a ƙasa mai yashi irin tamu, kuma a shekarun nan ba wanda zai rantse maka wani ruwan yana tafe. Ga shi rufewa laka ce, in ruwa ya taɓa gindinta narkewa za ta yi.

Tudu biyu suka rage a waje. Ƙarami yana kusa da mu, da tsamiya guda a kansa. Babba yana can baya, shi ne mai rufewar. Mahaifina ya daɗe yana kallo. Saje ne ya yi magana, ya ɗaga sandarsa ya nuna.

"Tsibiri," in ji shi. "Tsibiri biyu. Allah mai iko, ashe zan sake gani."

Na sha faɗin kalmar nan a rediyo, amma ranar na fara ganin abin da take nufi.

Saje bai taɓa zama saje ba. Shi da kansa yake faɗa, ko igiya ɗaya ba a liƙa masa a hannun riga ba, mutanen gari ne suka ƙara masa girma bayan ya dawo. Yana saurayi aka ɗebe su lokacin yaƙin Turawa na farko, aka kai su Ikko, aka loda su a jirgin ruwa zuwa gaɓar Kamaru, inda Jamus ke mulki. Labarin nan babu wanda bai haddace shi ba a ƙauyen. Yadda suka yi ta amai a jirgi har samanja, babban sojan da ke kansu, ya daina tsawa ya shiga sahu. Yadda aka nuna musu waɗansu tsibirai a bakin wani babban kogi, aka ce wanda ya riƙe su shi ya riƙe ƙofar garin, domin kowane jirgi ta gabansu zai wuce. Yadda aka sauke su cikin ƙananan kwale-kwale da sanyin safiya, igwa na tashi ta saman kansu, aka ce sai an kama ƙaramin tsibiri kafin a taɓa babba.

Sai kuma wurin da ya fi so. Da kwale-kwalensu ya kusa gaɓa, shi ya ga itatuwa, ya ɗauka an iso, ya yi tsalle. Ruwa ya kai masa wuya. Bindiga kawai ya ɗaga sama, saboda an ce wanda ya jiƙa bindiga bulala. Wani matuƙi ya cafko shi ta ƙeya ya jawo shi, yana zaginsa da yaren da bai ji ba. Bayan sun kama tsibirin, wanda ya ce bai iske kowa a kansa ba sai sauro da tukunyar abinci da zafinta, ya waiwaya da rana tsaka, sai ya ga wurin da ya kusa nutsewa ya zama taɓo. Kwale-kwale suna zaune a ƙasa, kaguwa na yawo. Teku ya tafi. Da yamma kuma ya dawo.

Nan ne mutanen ƙauyenmu suke tsayawa. Sun yarda da igwa, sun yarda da jirgin da ya fi masallacin Juma'a girma, amma ruwa ya tafi da kansa ya dawo da kansa kullum, wannan sun ce ƙari ne irin na soja. Tun kafin a haifi mahaifina ake yi masa dariya a kan haka. In wani ya shirga ƙarya a dandali, sai a ce, "To, teku ya tafi."

Saboda haka da mahaifina ya ce, "Baba, yaya za a yi?" sai Saje ya gyara tsayuwa.

"Babu abin da za a yi. A zauna. Yanzu cika yake yi. In ya gama zai janye, mu taka da ƙafa mu ɗauko kayanmu."

Liman ya juyo wurina.

"Kai ɗan rediyo, ku da labarin duniya ke bi ta hannunku. Maganar nan tana da tushe?"

Na ce tana da shi. Teku yana cika yana janyewa, wannan tabbas ne, an rubuta an auna. Sai na ji wani a baya ya ce, "La ilaha illallahu, ashe tsohon nan gaskiya yake faɗa!" Na ɗaga murya na ƙara da cewa amma wannan ba teku ba ne, ruwan sama ne aka tare.

Saje ya dube ni sama da ƙasa. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne, kullum yana cewa na zo in ƙwace masa mata.

"Kai ka taɓa ganin teku?"

"Ban taɓa ba."

"To ka taɓa ganin wannan?"

"Yau na fara, tsoho."

"Biyu ba ka san ko ɗaya ba, amma ka san bambancinsu. Haka kuke yi mana a akwatin nan?"

Aka kwashe da dariya. Na ce akwai shaida mai sauƙi, ruwan teku gishiri gare shi. Saje ya durƙusa da kyar, ya kamfata, ya kurɓa, ya juya a baki kamar mai sayen man shanu. Sai ya miƙa wa liman hannu ya ce shi ma ya ɗanɗana. Abin da na manta shi ne fadamar nan kanwa gare ta, tun muna yara muke ganin tumaki suna lasar ƙasarta. Liman ya ɗanɗana, ya ɓata fuska.

"Gaskiya akwai ɗan bauri-bauri."

"Gishiri ne bai gama narkewa ba," in ji Saje. Magana ta ƙare.

Na yi tunanin ranar nan sau da yawa, kuma ina ganin ba hujjarsa ce ta ci ba. Cikin duk mutanen da ke tsaye, waɗanda suka taɓa shiga ruwan da ya wuce kududdufi ba su da yawa, kuma babu mai sha'awar farawa da wannan. Wanda ya ce a zauna ya faɗi abin da kowa yake so ya ji. Mahaifina kuma ba zai musa wa ubansa a gaban jama'a ba.

Aka zauna. Aka kawo tabarmi, wani ya kawo goro guda aka rarraba shi har ya zama kamar ƙwayar gero. Mutanen da suka yi shekaru suna yi wa Saje dariya suka kewaye shi suna tambaya, ya kuwa ba su labarin daga farko, da ƙarin igwa.

Iya ba ta zauna ba. Ta karyi karan dawa ta soka daidai inda ruwa ya tsaya, ta kama hannuna.

"Zo nan, maigidana. Tunda abokin kishinka ya kayar da kai, sai ka yi mini aiki."

Ta aike ni gida-gida in karɓo goruna, manya waɗanda ba su fashe ba, da duk igiyar guga da za a iya ba ni. Ta ce kada in ce don me. Matan kuwa babu wadda ta tambaya, kowacce tana sane da ƙoƙonta. Wani amfani da fari ya yi mana shi ne igiya. Rijiyoyi sun yi ta zurfi ana ta ƙari, har kowane gida yana da igiyar da sai mutum biyu su ɗauka.

Da azahar ruwa ya ci rabin karan. Saje ya ce cika ce, alama ce mai kyau. Da la'asar kan karan kawai ake gani. Ya ce na Kamaru ma wani lokaci yana makara. Da magariba muka ja tabarmi baya, domin ruwa ya zo yana lasar gefensu, aka watse ba wanda ya ce teku ya tafi. Wannan karon kowa so yake ya tafi.

Washegari bayan sallar asuba muka koma. Karan ya ɓace. Tudun rufewa ya ragu, har ana ganin ruwa ya shiga inda turken akuyarmu yake a da. Rana ta fito fes, babu ko alamar hadari.

Iya ta shiga gona ta duƙa, ta damƙo ƙasa, ta zo ta kama hannun Saje ta zuba masa. Ta ce, "Malam, duba mini wannan."

Ya matse ta. Ta dunƙule, amma da ya buɗe hannu sai gefen ya fara zubewa. Soja na ɗan lokaci ya yi, noma kuwa duk rayuwarsa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, ya dubi ruwan, ya karkaɗe hannu a riga.

"Tekun nan sabo ne," in ji shi. "Jiya aka haife shi. Bai koyi janyewa ba tukuna."

"To sai mu jira ya girma?" in ji Iya.

"Soja ba ya jiran yaro. A kawo jirage."

"Suna bayan danga tun jiya."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce ai ya sani, shi ya bar mu mu yi.

Jirginmu ƙyauren zaurenmu ne. Muka shimfiɗa shi a kan damman kara da aka ciro daga danga, muka ɗaure goruna a kewaye bayan an toshe bakinsu da tsumma da ƙaro. A sama muka ɗora babban masakin Iya, wanda ake dama furar suna a ciki. Da aka tura shi ruwa ya yi iyo, sai jama'a suka yi kabbara kamar an ga wata.

Mahaifina ya ɗauki gwangwala, ya ce zai tuƙa kai tsaye zuwa rufewa, a yi a gama.

"Tsaya," in ji Saje. "Ƙarami tukuna."

"Baba, babu komai a ƙaramin nan sai tsamiya."

"Tsamiyar nake so. Jefa kara ka gani."

Aka jefa guntun kara. Ya ɗan yi jim, sai ya kama hanya a hankali ya nufi kudu, wajen madatsa. Ruwan da muke gani kamar a kwance ashe tafiya yake, domin tsohon rafin tsakaninmu da ƙaramin tudu ya bi, nan ne zurfi, nan ne ja. Wanda ya nufi babban tudu kai tsaye zai yi doguwar tafiya a kan zurfin da gwangwala ba ta taɓa ƙasa. Amma daga tsamiya zuwa rufewa tsohuwar gonar gyaɗarmu ce, mai ɗan tudu, ruwanta ba zai wuce ƙirji ba. Saje ya ce a ɗaure igiya daga nan zuwa tsamiya, jirgi ya riƙa bin igiya, sauran kuma a taka.

"Wanda ya riƙe ƙarami ya riƙe hanya. Kyaftin ya faɗa, ni na ji da kunnena."

"Da Turanci?" na ce.

"Da tafinta, marar kunya. Cire riga."

Ni aka zaɓa in kai igiya, bisa hujjar cewa ina yaro an sha dukana saboda wanka a kududdufi. Aka ɗaura mini bakin igiyar a ƙugu, na kifa ciki a kan gora mafi girma, na shiga. Ruwan sanyi ƙalau, ja kamar kunun kanwa, ga ciyayi da kashin awaki suna wucewa. A tsakiya na ji ruwa ya fara jana, ina duban tsamiya tana matsawa hagu. Na yi ta bugun ƙafa. Daga baya ina jin muryoyi, kowa da umarninsa, liman yana addu'a, Iya tana cewa in na nutse kada in saki goranta. Na fita can ƙasa da inda na nufa, na rarrafa cikin taɓo na hau.

Tsibirin yana da masu tsaro. Zabbin Iya ne, waɗanda suka ƙi sabon gida suka koma kango tun bara. Suna kan tsamiya, da suka gan ni suka ɓarke da ƙara gaba ɗaya.

"Sun gan ka!" Saje ya ƙwala daga gaɓa. "Kada ka tsaya, ci gaba!"

Gindin tsamiyar baƙi ƙirin yake da tururuwa, duk ta fadama ta gudo nan. Na zagaya igiya na ɗaure ina tsalle ina marin ƙafafuna, abin da mutanen gaɓa suka ɗauka rawar nasara ce, suka amsa da guɗa.

Zuwan farko mahaifina ne da gatari da ragowar igiya. Zuwa na biyu, da na ga abin da ke tafe, na ce ko idona ne. Saje ne zaune cikin masaki, gwiwoyinsa a haɓa, ya ɗaura tsohuwar ɗamararsa ta soja a kan riga, wani maƙwabcinmu yana jan igiya. An yi an yi ya ƙi zama. Ya ce ba a taɓa cin tsibiri babu babba a wurin ba.

Da suka kusa, ya ga ciyawa ta leƙo saman ruwa, ya ɗauka an iso. Kafin a ce kada, ya zuro ƙafa. Ruwa ya kai masa wuya. Hannunsa kawai muke gani a sama, riƙe da sanda, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Mahaifina ya faɗa ruwa ya cafko shi ta ƙeyar riga.

Muka zaunar da shi nesa da tururuwa, yana tari, gemu na zuba. Mahaifina ya tsorata ƙwarai, yana ta cewa, "Sannu Baba, sannu." Shi kuwa da numfashi ya dawo sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Haka aka yi! Wallahi haka aka yi! Ka gani ko, ɗan rediyo? Sai dai wancan ya zage ni."

Muka ja igiya ta biyu zuwa babban tudu, ni da mahaifina da maƙwabcin, ruwa iya ƙirji, ƙafa na nutsewa cikin kunyoyin bara. Da muka hau, mahaifina ya tafi kai tsaye ya dafa gindin rufewar. A bushe yake. Tsakaninsa da ruwa bai fi tsawon tabarma ba.

Muka sauke jinka, ya fasa laka da ƙotar gatari. Ni na fi su sirantaka, don haka ni na zura ta sama. Ciki duhu da ɗumi, ga ƙanshin gero, wanda na daɗe ban ji irinsa ba. Na laluba. Damman suna nan yadda aka jera su, ɓera bai shiga ba, ƙwaro bai taɓa ba. Na ce, "Baba, lafiya lau." Da na miƙo dami na farko na ga ya juya baya yana gyara hula.

Ɗaukowa ita ce aikin. Kowa ya ɗora dami a ka, hannu ɗaya a kansa, ɗaya a igiya. Saje yana tsaye a ƙarƙashin tsamiya yana ba da umarni kamar a fareti.

"Sama da kai! Wanda ya jiƙa, bulala! Kai ɗan rediyo, ka ɗaga, ba tulu ka ɗauko ba!"

Daga tsamiya sai a jera a masaki, a ja zuwa gaɓa, inda samari suka karɓi jan igiyar, yanzu da aka ga ba a mutuwa kowa ya zama matuƙi. Mun yi ta kai da kawowa har rana ta take. A zuwa na ƙarshe ƙafata ta faɗa ramin gafiya, na tafi gaba ɗaya, ni da damin. Na taso ina tofar da ruwa, na ji Saje yana cewa a rubuta sunana.

Shi muka kwaso a ƙarshe. Kafin ya shiga masaki ya sa aka ɗaura tsumman da ya rage a reshen tsamiya, ya ce tuta ce. Zabbi kuwa suka ƙi miƙa wuya, muka bar su.

A gaɓa mata sun riga sun jera turame. Ana saukewa ana sussuka, ana sheƙa. Iya ta zauna a kan tabarma da ƙoƙonta, duk wadda ta yi wa alkawari ta zo ta buɗe bakin zane. Ba ta manta kowa ba, har da wata da suka yi shekara ba sa gaisawa. Da aka kawo damin da na jiƙa, ta juya shi ta duba.

"Wannan na maigidana ne. Ba ya kwana, yau za a binne shi. Ɗauki sungumi."

Na ce gobe ina da aiki a Kano, ga hannuna duk igiya ta ci.

"Labarin duniya zai jira. Je ka yi sara."

Muka shiga gona, mahaifina a gaba yana sara, ni ma ina sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna takewa da diddige. Ko'ina ka duba a unguwar haka ake yi. Ƙasa ta bushe a sama, amma in sungumi ya shiga sai ka ga baƙinta. Saje yana zaune a bakin gona cikin zanen Iya, rigarsa na shanya a kan geza, yana ba waɗanda suka zo wucewa labari. Na ji da kunnena, kafin la'asar zabbin sun zama suna da igwa.

Liman ya tsaya a wurinsa ya ce, "Saje, to maganar janyewar fa?"

"Ku ba shi lokaci," in ji shi.

Gero ya tsiro, layin da na jiƙa shi ya riga fitowa. Rufewar ta narke cikin makon nan, mahaifina ya aiko mini da saƙo. Damina ba ta yi yawa ba, amma an yi girbi, kuma Iya ta sake zaɓar iri, wannan karon ta ajiye a gidan liman. Ruwan ya janye a tsakiyar rani, har aka riƙa takawa da ƙafa zuwa tsamiya, aka ɗora Saje a kan jaki aka kai shi ya gani.